Kumburin Bafa: Dalilin da Ya Sa Intanet Mai Gudu Ke Yin Nawa

Sau da yawa mutum zai gwada gudun intanet ɗinsa ya ga megabit 20 ko 30, amma da ya fara kiran WhatsApp sai murya ta riƙa yankewa, ko a harbe shi a Free Fire kafin ya ga wanda ya harbe shi. Abin ya fi faruwa idan wani a gidan yana ɗora bidiyo ta hospot ɗaya, ko wayar tana tura hotuna zuwa Google Photos a ɓoye. Akan ɗora laifin a kan rashin sabis, alhali sandunan sabis a cike suke. Sau tari mai laifin shi ne abin da masana suka kira kumburin bafa.

Mene ne bafa?

Bayanai suna tafiya a intanet ne cikin ƙananan ƙunshi da ake kira fakiti. Duk na'urar da fakitin ke ratsawa, rauta ce, modem ne, ko turken sabis, tana da wata ma'ajiya da fakiti ke jira a ciki idan hanyar gaba ta cika. Wannan ma'ajiyar ita ce bafa. Samun ta dole ne, domin bayanai ba sa zuwa a jere, a dunƙule suke zuwa.

Matsalar ta faro ne da memori ya yi arha. Masu ƙera na'urori suka riƙa zuba bafa mai girma, a tunaninsu kada fakiti ko ɗaya ya salwanta. Sai dai tsarin TCP, wanda ke ɗaukar yawancin bayanan intanet, yana gane hanya ta cushe ne idan fakiti ya ɓata, daga nan ya rage gudu. Idan bafa ta yi girma, fakiti ba ya ɓata da wuri. Mai turawa bai san an cushe ba, sai ya ci gaba da turo kaya har layin ya yi tsawo.

Lissafin mai sauƙi ne. A ce hanyar ɗora bayanai tana ɗaukar megabit 1 a sakan, bafa kuma kilobayit 256 ce. Idan ta cika, kafin ta zazzage abin da ke cikinta sai an yi kusan sakan 2. Duk fakitin da ya iso a lokacin, na murya ne ko na wasa, dole ya bi bayan layin. Kamar mai babur ne da ya zo shan lita ɗaya ya tarar da tirela goma a gabansa. Famfon yana zuba da ƙarfi, amma shi bai tsira daga jira ba. Kiran murya kuwa yakan fara lalacewa tun jinkirin bai kai rabin sakan ba.

Yadda aka ankarar da kamfanoni

A 2010 ne Jim Gettys, injiniya a Bell Labs da ke Amurka kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro X Window, ya lura intanet ɗin gidansa na yin mummunan jinkiri duk lokacin da yake tura manyan fayiloli. Ya bi diddigi, ya gano bafa ce, ya laƙaba wa matsalar suna. A 2011 shi da Dave Täht suka kafa Bufferbloat.net, inda masu rubuta manhaja suka taru don neman magani.

Aikin da ya fi wuya shi ne shawo kan kamfanoni. Kamfani yana tallata megabit ne, gwajin gudu ma megabit yake nunawa, jinkiri kuma akan auna shi ne lokacin da layi ba kowa. Ciwon da ba ya fitowa a awo, babu mai kashe kuɗi a kansa. Wasu ma sun ɗauka ƙara bafa shi ne gyara.

A 2012 Kathleen Nichols da Van Jacobson suka fito da CoDel. Maimakon ya duba yawan fakitin da ke layi, yana duba tsawon lokacin da fakiti ya yi yana jira. Idan jiran ya wuce milisakan 5 kuma ya ɗore har milisakan 100, sai ya fara zubar da fakiti ɗai-ɗai don mai turawa ya sassauta. A shekarar ce fq_codel ya shiga Linux 3.5. Shi kuma yana raba layi, kowace hanyar bayanai da nata, ta yadda kira ba zai tsaya bayan bidiyo ba. CAKE ya biyo baya a Linux 4.19 a 2018.

Sannu a hankali manya suka shigo. Ƙa'idar DOCSIS 3.1 ta modem ɗin kebul ta wajabta sarrafa layin jira. Google ya fitar da BBR a 2016, Apple kuma ya sa ma'aunin saurin amsawa a macOS Monterey a 2021. Dave Täht ya rasu a 2025, bayan fiye da shekara goma yana wannan fafutuka.

Abin da mai waya zai iya yi

Da farko a gwada. Fast.com yana da maɓallin ƙarin bayani da ke nuna jinkiri iri biyu: na lokacin da layi ba kowa da na lokacin da ya cika. Speedtest ma yana nuna hakan yanzu. Idan na farko milisakan 40 ne, na biyu ya haura 500, to akwai kumburi.

Mai rauta da ke ɗaukar OpenWrt zai iya kunna SQM, ya zaɓi CAKE, ya saita gudun ƙasa kaɗan da wanda ya auna, kamar kashi 90 cikin ɗari. Hakan yana dawo da layin jira cikin rautar da yake da iko da ita. A layin waya abin ya fi wuya, saboda gudun yana hawa da sauka, babbar bafar kuma tana hannun kamfani. A nan dabara ita ce a dakatar da ɗora hotuna da sabunta manhajoji kafin kira ko wasa.

Sauran gyaran yana wurin kamfanonin sadarwa da masu ƙera na'urori, su kuma abin da kwastoma ke tambaya suke gyarawa. Don haka idan za a kai ƙorafi, a haɗa da alkaluman jinkirin nan biyu, kada a tsaya a megabit kawai.