Sola A Kan Rumfar Jirgi: Abin Da Matuƙan Anacha Da Fatakwal Za Su Koya Daga Masu Yawon Teku

Tun kafin a sallame sallar Asuba a masallacin titin Bida da ke Anacha, jiragen katako sun fara jeruwa a gaɓar kasuwar Ose, ɗauke da doya da busasshen kifi daga ƙauyukan Anam da Ogbaru. 'Yan dako da dillalai, cikinsu har da Hausawan da suka daɗe da zama a birnin, sukan tare su da tocila a hannu. Yawancin jiragen nan a duhu suke tasowa, kuma hasken da matuƙi ke dogara da shi bai wuce na wayar salula ko tocilar da batirinta ya kusa mutuwa ba.

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura, har ta zarce naira 1,000 a ƙarshen 2024. A Afrilun 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A daga naira 68 zuwa 225. Wannan ne ya sa farantin sola ya bazu a unguwannin Hausawan kudu: a rumfunan masu cajin waya na Diobu a Fatakwal, a shagunan Gariki da Ama Hausa a Enugu, da kuma gefen Bridgehead a Anacha. Abin da ya rage shi ne farantin ya sauka daga rufin shago ya hau ruwa, kuma a nan ne aikin yake da wuyar sha'ani.

Abin da farantin zai iya ɗauka

Masu jiragen shaƙatawa da iska ke turawa, waɗanda kan yi makonni a teku ba su ga tasha ba, sun shafe shekaru suna gwada wannan aiki, kuma sun gano cewa a fara da lissafi kafin a sayi komai. Faranti mai ƙarfin wat 200 a Fatakwal, inda hadari ke yawan rufe sama, yana samun abin da ya kai kimanin awa 4 na cikakkiyar rana a yini, alhali a Sakkwato ko Kano yakan kusanci awa 6. A takarda, wat 800 ke nan na awa ɗaya. Idan aka cire abin da zafi da waya da batir ke cinyewa, sai ya koma wajen 550 zuwa 600.

Wannan ya ishi ƙananan ƙwayaye huɗu su kwana a kunne, a caja wayoyi goma, a kuma kunna ƙaramin famfon da ke kwashe ruwan da ya taru a cikin jirgi. Injin da ke tura jirgin kuwa ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba: inji mai ƙarfin doki 40 yana daidai da kusan kilowat 30, wato faranti 150 irin wannan da tsakar rana. Akwai jiragen da rana ke turawa, kamar PlanetSolar da ya zagaye duniya daga 2010 zuwa 2012, da Aditya da ke ɗaukar fasinja 75 a jihar Kerala ta Indiya tun 2017, amma tun daga tushe aka ƙera su don haka. Duk mai sayar da kaya da ya ce wa matuƙi faranti biyu za su raba shi da fetur, yaudararsa yake yi.

Inuwa, zafi da nauyi

Babban abokin gabar faranti a kan ruwa shi ne inuwa. Ƙananan gidajen da ke jikinsa a jere aka haɗa su kamar ƙwayoyin carbi, don haka idan inuwar sanda ko igiya ta faɗa kan 'yan kaɗan, sai wutar layin gaba ɗaya ta ragu. Shi ya sa masu jiragen iska suke kai nasu can baya, a kan wani ƙarfe mai siffar baka, nesa da doguwar sandar tsakiya. A jirgin kaya na Anacha, inuwar daga tulin buhuna da tamfol take fitowa, saboda haka wurin da ya dace shi ne saman rumfar matuƙi, inda lodi ba ya kaiwa.

A kan rufin gida ana karkata faranti ya fuskanci kudu. Jirgi kuwa kullum juyawa yake, don haka a shimfiɗe ake ɗora shi, da 'yar karkata kaɗan domin ruwan sama ya gangara. Dole kuma a bar tazarar 'yan yatsu a ƙarƙashinsa iska ta ratsa, domin duk digiri ɗaya da zafinsa ya haura 25, ƙarfinsa na raguwa da kusan kashi 0.4 cikin ɗari. Wanda ya manna shi a kan kwano ya yi asarar wani kaso na kuɗinsa tun ranar farko.

Sai batun nauyi. Farantin kansa bai wuce kilo 12 ba, amma idan aka haɗa da ƙarfen da mai walda ya yi masa, aka ɗora a sama, yana ƙara wa siririn jirgi tangaɗi, kuma guguwa na iya kama shi kamar faifai. Batir, wanda kan kai kilo 30, a ƙasa ya kamata ya zauna, a tsakiya, cikin akwatin da aka ɗaure tamau kuma ruwa ba ya shiga.

Kowane gari da matsalarsa

A Fatakwal ruwan gishiri ne. Notin baƙin ƙarfe yakan yi tsatsa cikin 'yan watanni, kuma idan ƙarfe iri biyu suka haɗu cikin danshin gishiri, ɗaya yana cin ɗaya. Maganin shi ne noti mara tsatsa, da roba a tsakaninsa da firam ɗin alminiyam, da wayar tagulla mai rufin kuza. Ga kuma baƙar tokar da ta addabi birnin tun 2016, wadda ke kwanciya a kan gilashi, sai an riƙa gogewa da ruwa mai tsabta kowace safiya.

Haɗari mafi girma shi ne wuta. Jiragen da ke tashi daga tashar Nembe zuwa Bonny da sauran garuruwan ruwa da jarkokin mai suke tafiya, kuma tashar ta sha fama da gobara, ciki har da ta Afrilun 2022. Waya ɗaya da ta goge ta yi tartsatsi kusa da jarka ta isa. Don haka ba a haɗa faranti kai-tsaye da batir sai ta na'urar daidaita caji, ana sa fiyus dab da batir, kuma ana raba wurin batir da wurin mai.

Enugu ba ta da kogin da jirgi ke bi, amma masu baro da teburan tafi-da-gidanka na can sun riga sun san irin wannan wahala: girgiza na kwance noti, waya na tsinkewa a mahaɗa, ɓarawo kuma na cire farantin da ba a ɗaure da kyau ba. Masu waldar Coal Camp da ke yi musu firam, da 'yan kasuwar kayan lantarki na Obosi a gefen Anacha, su ne hannun da zai iya yi wa matuƙa wannan aiki, muddin an nuna musu ƙa'idarsa. In ba haka ba, araha ba ta ado.

Inda hukuma ta shigo

A Oktoban 2022, jirgi ya kife a Ogbaru lokacin ambaliya, aka ba da rahoton mutuwar mutum 76. A Yunin 2023 fiye da mutum 100 suka rasu a Patigi ta jihar Kwara, suna dawowa daga biki cikin dare. Hukumar NIWA mai hedikwata a Lokoja ta haramta tafiyar dare, kuma Ma'aikatar Harkokin Teku da aka kafa a Agustan 2023 ta raba dubban rigunan kariya. Sai dai manomin da zai kai doya kasuwar safe ba ya jiran rana ta fito, kuma jirgin da inji ya mace masa da la'asar dare zai riske shi ko ya so ko bai so ba.

Fitila ba za ta hana lodi fiye da kima ba, amma tana sa wani jirgin ya hango ka, tana nuna kututturen da ke kan hanya, kuma waya mai caji ita ce ke kiran agaji. Abin da ake buƙata daga Abuja bai da yawa: taƙaitacciyar ƙa'ida, da Hausa da Ibo da Ijo da Turancin buroka, kan inda ake ɗora faranti da inda ake ajiye batir, horo ga masu walda da masu gyaran wuta a tashoshi, sannan jami'an NIWA su riƙa duba fitila da fiyus a duk lokacin da suka zo duba rigar kariya. Hukumar Samar da Lantarki a Karkara, wadda ta riga ta kai sola kasuwanni, tana iya sa tashoshin Ose da Nembe cikin lissafinta.