In Likita Ya Ce Sai An Sa Wa Mai Jego Lantarki

Uwargida, wataƙila kin taɓa ganin haka a danginku. An haihu lafiya, an sha suna, amma kafin mako biyu ya cika mai jego ta daina barci, ta ƙi abinci, tana ta sambatu, wata ma har ta ce jaririn ba nata ba ne. Nan take sai a ce iska ce. Likitoci sun san ciwon nan sarai, yana kama mace 1 ko 2 cikin masu haihuwa 1,000, kuma yana warkewa. Ki yi mata addu'a, sannan a hanzarta kai ta wajen likitan ƙwaƙwalwa. Mu nan Sakkwato ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a cikin gari, ga na gwamnatin tarayya a Kware.

Akasari ƙwayoyi da allura sun isa. Sai in ciwon ya gagara, ko ta ƙi ko da ruwa, ko tana neman halaka kanta ko ɗanta, likita kan kawo maganar lantarki, wanda suke kira ECT. A nan ne dangi kan kwashe 'yarsu su gudu, don sun ɗauka jona ta za a yi da wuta tana ji tana gani.

Tsoron yana da tushe. Lokacin da likitoci biyu, Ugo Cerletti da Lucio Bini, suka fara shi a birnin Rum na Italiya a 1938, ido biyu ake yi wa mutum, har wasu kan karye saboda jijjiga. Yau kuwa allurar barci ake fara yi mata, da wata mai sakin jiki, kana a ɗora 'yan faifai a kanta, a saki wuta kaɗan na 'yan daƙiƙoƙi. Ƙwaƙwalwa takan yi gajeriyar farfaɗiya da ba ta cika wuce minti ɗaya ba, ita kuwa tana barcinta. Akan yi sau 2 ko 3 a mako, jimilla sau 6 zuwa 12. Amfaninsa shi ne sauri, domin ƙwayar ciwon damuwa kan ɗauki makonni kafin ta kama jiki, macen da ba ta ci ba ta sha kuwa ba ta da makonnin jira.

Kafin maigida ko mahaifinta ya sa hannu, ki tambaya ƙiri-ƙiri: za a yi mata allurar barci? In an ce a'a, kada ku yarda. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce a daina yin sa haka.

Illarsa fa? Akwai ciwon kai da ruɗewa bayan ta farka, sai mantuwa. Tana iya mance abubuwan da suka faru a kwanakin jinyar, har da wanda ya zo barka. Yawanci tunanin kan dawo cikin makonni, wani ɓangaren kuwa ba ya dawowa. In ta sake tambayarki abin da kika faɗa mata jiya, ki maimaita mata, kuma ki zama ke ce mai riƙe mata lokacin shan magani bayan an sallame ta.