Hutun haihuwa da bashi a wuya: me za a biya, me za a jinkirta?

Sashe na 54 na dokar ƙwadago ta Najeriya ya ba ma'aikaciya mai ciki hutun makonni 12, shida kafin haihuwa, shida bayanta. Idan ta cika wata shida tana aiki a wurin, wajibi ne a biya ta aƙalla rabin albashinta a tsawon hutun. Sashen ya ƙara da wata magana da ba a cika ambata ba: wanda ya ɗauke ta aiki ba shi da alhakin kuɗin asibitin da ta kashe saboda ciki ko haihuwa. Ma'aikatan gwamnati sun fi samun sauƙi. A gwamnatin tarayya hutun ya kai wata huɗu da cikakken albashi, jihar Legas ta mayar da nata wata shida tun 2014, Kaduna ta bi sahu a 2019, kuma a 2021 gwamnatin tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga uban jariri. A Nijar doka ta tanadi makonni 14. Sai dai alƙaluman hukumar ƙididdiga ta Najeriya na nuna cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki suna sana'o'in da ba na ofis ba ne. Mai ɗinki, mai kitso, mai ƙuli-ƙuli da mai sayar da atamfa ta waya ba su da wanda zai biya su rabi ko kwata. Ranar da suka kwanta jego, ranar ciniki ya tsaya.

Bashi kuwa ba ya tafiya hutu. A nan ne gidaje da yawa ke yin kuskuren da ke kama da hankali: ganin nauyi ya ƙaru, sai a ɗaura niyyar tattara duk abin da ya shigo, har da kuɗin barka, a sauke bashin gaba ɗaya a huta. Ra'ayina shi ne wannan ba aikin watannin jego ba ne. Aikinsu guda biyu ne kawai, a cika alƙawarin da aka ɗauka na biya, a kuma hana sabon bashi shigowa. Ƙoƙarin rage bashi da ƙarfi yana da lokacinsa, wato watannin ciki tun ana karɓar cikakken albashi, da kuma bayan an koma bakin aiki.

Lissafi ne ya kai ni ga wannan. A ɗauki misalin matar da ke aiki a wani kamfani ko makarantar kuɗi a kan naira 80,000 a wata, wato sama kaɗan da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. A ce banki na cire 25,000 duk wata na rancen da ta ci, tana kuma zubin adashi na 10,000. Kafin hutu tana da 45,000 a hannu bayan an cire waɗannan. Da albashi ya koma rabi, banki bai rage ko kwabo ba, uwar adashi ma haka, sai ya zama 5,000 ce ta rage. Cirewar banki kaɗai, wadda ba ta kai kashi ɗaya cikin uku na albashi ba, yanzu ta haura kashi 60 cikin ɗari. Idan a wannan hali aka kwashi kuɗin barka aka kai wa banki don a gama da wuri, sannan jariri ya tashi da shawara ko zazzaɓi cikin dare, babu inda za a nufa sai wurin wanda ke ba da rance cikin minti goma, kuma shi ne ya fi kowa tsada. An biya bashi mai sauƙin ruwa don a ci mai tsananin ruwa. Ga shi kuma a Najeriya fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye, don haka gidan mai jego da babu kuɗi a ajiye gida ne da ke jiran bashi.

Abin da haihuwa ta fi sauran larurori da shi shi ne tana ba da sanarwa. Daga ranar da aka fara awo akwai kamar wata shida na cikakken samu. A cikinsu ne ya kamata a zauna a rubuta kowane bashi, na banki, na ƙungiyar ma'aikata, na mai shago, na dillaliya, na 'yar uwa, da abin da kowanne ke ci a wata. A cikinsu ne za a tambayi ofis, a rubuce, nawa za a biya a lokacin hutu, domin dokar da na ambata ba ta rufe kowa ba. Ma'anar ma'aikaci a cikinta ta fitar da masu muƙaman gudanarwa da ƙwararru, waɗanda takardar ɗaukarsu aiki ce ke yanke musu hukunci. A kuma tambaya ko alawus-alawus na sufuri da na ƙarin lokaci za su tsaya, don sau da yawa su ne ke riƙe da cefane ba a sani ba. A lokacin ne kuma za a duba inshorar lafiya. Dokar 2022 da ta kafa hukumar NHIA ta wajabta inshorar ga kowa, jihohi kuma na da hukumominsu, kamar KSCHMA a Kano, amma sabon mai rajista yakan jira wani lokaci kafin katinsa ya fara aiki, shi ya sa rajistar wata na tara ba ta da amfani sosai. A watan Nuwamban 2024 ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa galihu, sai dai a asibitocin da aka tantance ne. Sanin ko asibitin da ake awo yana ciki abu ne da ake tambaya tun ana tafiya da ƙafa, ba a bakin ɗakin tiyata ba.

Akwai masu cewa shirya wa abin da bai zo duniya ba gaggawa ce, wasu gidajen ma ba sa sayen ko zanin goyo kafin a haihu, musamman a cikin fari inda kunya ke hana maganar. Ba sai an taɓa wannan al'ada ba. Babu wanda ya ce a jera kayan jariri a ɗaki. Kuɗi ne za a ware, kuma ko ma yaya cikin ya ƙare, asibiti zai nemi kuɗi, mace kuma za ta bukaci kwanciya.

Bashi hanji ne, in ji Hausawa, yana cikin kowa, amma ba kowane bashi ne ke ciwo iri ɗaya ba. Wanda ya kamata a kashe tun kafin haihuwa, ko da za a sayar da akuya ko ɗan kunne, shi ne na manhajojin ba da rance ta waya. Ruwansu a wata ake lissafa shi, wani ma a mako, kuma idan aka ce kashi 15 cikin ɗari a wata a kan naira 50,000, to 7,500 ke tafiya duk wata uwar kuɗin na nan daram. Wasunsu sun yi ƙaurin suna wajen aika saƙon cin mutunci ga duk lambar da ke wayar mai bashi, abin da ya sa hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta kai samame ofisoshin wasu a Legas a 2022, ta kuma fitar da ƙa'idar rajista. Mai jego ba ta bukatar irin wannan saƙo ya isa wayar surukarta. Na biyu shi ne rancen banki da ake cirewa daga albashi. Wannan ba a guje masa, domin tun 2020 Babban Bankin Najeriya ya ba bankuna damar bin lambar BVN su cire bashin da aka ƙi biya daga asusun mutum a wani bankin daban. Abin yi shi ne a je da takardar hutu tun da wuri a nemi a tsawaita wa'adi a rage cirewar wata. Ba dole banki ya yarda ba, kuma tsawaitawa na ƙara jimillar abin da za a biya, amma wanda ya zo kafin ya gaza yana da bakin magana fiye da wanda aka kira bayan ya gaza. Masu hulɗa da bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin Jaiz da TAJ, suna da sauƙi guda, farashin da aka yanke tun farko ba ya hauhawa, amma su ma ranar biya ba ta matsawa da kanta.

Adashi nasa daban ne, kuma a ganina shi ne abin da ba a wasa da shi. Wadda ta riga ta kwasa bashi ne a kanta, kuma abin da za ta rasa idan ta fasa zubi ya wuce kuɗi, domin matan da ta saɓa wa su ne za su ranta mata ba ruwa ranar da ta shiga uku. Wadda ba ta kwasa ba kuwa tana da dama: ta nemi uwar adashi ta yi mata musayar layi, kwasarta ta faɗo a watan haihuwa. Bashin dangi da na mai shagon unguwa shi ne aka fi iya jinkirtawa, kuma shi ne aka fi ɓatawa da shiru. A je a faɗi gaskiya, a sa wata, a rubuta. Suratul Baƙara, wadda aya mafi tsawo a Alƙur'ani ke cikinta kuma a kan rubuta bashi take, ta umurci mai bin bashi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Wannan ita ce amsar masu cewa bashi abu ne mai nauyi a addini, don haka a sauke shi ko ta halin ƙaƙa. Nauyin gaskiya ne, amma abin da aka yi tir da shi shi ne taurin bashin mai hali. Wanda ya je ya nemi wa'adi ya kuma cika shi bai shiga wannan sahu ba.

Sai maganar da ta fi wuyar faɗa. Jariri a watanninsa na farko ba shi da tsada sosai idan yana lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar nonon uwa zalla har wata shida, allurar rigakafi kuma kyauta ce a asibitocin gwamnati. Abin da ke cin kuɗi shi ne hidimar da ke kewaye da shi: anko, kayan fitar suna, rumfa da kujeru, abincin 'yan barka na kwana bakwai, mai hoto, kayan rabo. Ragon suna kansa, a mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar Hausa, ba farilla ba ne, kuma dabba ɗaya ce ko namiji aka haifa ko mace. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, amma ma'aunin fita kunya bai sauko ba ko kaɗan. Za a ce ai biki ramuwa ne, abin da ka kai gidan wasu shi za a kawo maka, don haka taron suna na mayar da kuɗinsa. Wani lokaci yana mayarwa, sai dai a turmin atamfa da sabulu da rigunan da jariri zai fi ƙarfinsu cikin wata biyu, ba a kuɗin da banki ke karɓa ba, kuma kowace gudummawa da ta shigo sabon alƙawari ne da za a rama. Inda bai kamata a tsuke hannu ba shi ne cikin mai jego. Nama, kunu, itace ko gas na ruwan wanka, da magani idan an rubuta, su ne hidimar da ke da riba, domin mace da ba ta murmure ba ba za ta koma aiki a kan lokaci ba. Zuwa wankan gida ma, ban da hutun da yake ba ta, yana rage wa gidan miji nauyi na kwana arba'in, in dai ba a mayar da dawowar wata gasar gara ba.

Wani zai tambaya, me ya kawo albashin mace cikin lissafi, alhali ci da sha da tufafi da magani duk a wuyan miji suke, dukiyarta kuma tata ce? Haka hukuncin yake, kuma ba na neman a sauya shi. Amma a gidaje da yawa kuɗin matar ne ke toshe ƙananan ramuka, kuɗin makarantar Islamiyya, man girki idan ya ƙare ranar ashirin ga wata, katin waya, kuɗin Keke Napep na yara, ba tare da an taɓa lissafa su ba. Idan samunta ya ragu, waɗannan za su faɗo kan miji ba zato, sai ya ɗauka almubazzaranci aka fara. Zaman lissafin ma kare haƙƙinta yake yi, domin a nan ne za a bambance bashin da ta ci don kanta da wanda ta ci da sunanta don gida, kamar rancen da aka biya kuɗin haya da shi saboda ita ce mai takardar albashi. Irin wannan na biyun bai kamata ya zauna a kan rabin albashinta ita kaɗai ba. Haka nan jarin mai sana'a. Kuɗin keken ɗinki ko na buhun gyaɗa idan aka cinye su a jego, an rasa samun wata shida masu zuwa, don haka gara a juya jarin zuwa kayan da ba sa lalacewa, ko a damƙa sana'ar ga ƙanwa a raba riba.

Akwai ƙorafi guda da nake ganin yana da ƙarfi: a lokacin da kaya ke tashi kullum, ajiye kuɗi asara ce. Gaskiya ne, kuma shi ya sa ba duka za a ajiye a kuɗi ba. Hatsi, mai da sabulu a saye su tun ana da hali, musamman idan watannin ciki sun haɗu da kaka. Amma asibiti ba ya karɓar masara, don haka wani kaso dole ya zauna a asusun da za a iya cira cikin dare. Abin da hauhawar farashi za ta ci daga ajiyar wata uku bai kai abin da manhajar rance za ta ci a wata ɗaya ba.

Komawa aiki ma ba ta mayar da lissafi yadda yake a da. Akwai mai raino ko gidan raino, akwai ƙarin kuɗin mota idan za a dawo shayarwa (doka ta ba mai shayarwa rabin sa'a sau biyu a rana), wani lokaci da madarar gwangwani, wadda ita kaɗai tana iya cin wani babban kaso na ƙaramin albashi. Saboda haka kada a yi wa masu bin bashi alƙawarin watan da za a koma. A sa wata na biyu ko na uku bayan komawa, lokacin da aka ga ainihin abin da ke ragewa. Daga nan sai a fara ɗora duk rarar a kan bashin da ya fi ruwa, in ya ƙare a juya kuɗinsa kan mai bi masa.