Ɓeran da Ya Tuɓe Rigarsa

Duk wanda ya tashi a Gafasa, can ƙasar Ajingi, ya taɓa ganin ɓera tsirara. In aka ɗaga damin gero da ya daɗe a ajiye, sai ga jinjiraye jajur a ƙasa, ido rufe, suna mutsu-mutsu. Haka kowane ɓeran gida ke zuwa duniya, bayan uwarsa ta yi kwana 19 zuwa 21 da cikinsa. Kafin mako biyu gashi ya lulluɓe shi, ido ya buɗe, sai a fara tunanin rumbu.

Amma akwai wani iri da ke sa rigar gashin nan ya tuɓe ta. Yana cika mako biyu gashi zai fara zuba daga kai, ya gangara har gindin wutsiya, ya bar fata mai tamoji kamar ta tsoho. A Landan aka tsinci irinsa a 1924. Gado ne, kuma sai ya samo shi ta uwa da ta uba. Ɓeraye biyu masu gashi da ke ɗauke da shi a ɓoye, kusan ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu ke fitowa haka.

Turawan Ingila, da suka kafa ƙungiyar masu kiwon ɓera tun 1895, suna ji da ɓerayensu yadda samarinmu ke ji da tattabaru. Marar gashin kuwa ɗan lallaɓa ne. Sanyi ke cinsa, don haka yake ci fiye da 'yan'uwansa, shimfiɗa mai kaushi ma kan ji masa ciwo. Macen kan sha wahalar shayarwa, shi ya sa masu kiwo ke haɗa namiji marar gashi da mace mai gashi. Ni tausayi yake ba ni. An ce ɓera na ganin raminsa ba ya yarda wuta ta ci shi, to wannan bai da rami sai keji, kuma da wuya ya kai labari a hunturunmu in ba a ɗumama masa ba.

Yana da wani ɗan'uwa da aka gano a Gilasgo a 1962, wanda ya rasa gashi, garkuwar jikinsa kuma ta yi rauni. A jikinsa masana ke gwada magungunan ciwon daji, kuma wannan kaɗai ya isa a daina ce wa kowane ɓera ɓarawo.

Namu na rumbu dai ba abin kiwo ba ne. Cikinsu akwai mai yawan nonuwa, wanda fitsarinsa da kashinsa ke yaɗa zazzaɓin Lassa, cutar da aka gano a Borno a 1969. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Iyayenmu mata, a rufe tukunya, a daina shanya a ƙasa, kuma kada a bar yara su yi wasa da jinjirayen ƙarƙashin dami.