Ku Daina Ce wa Likitan Huhu "Da Sauƙi"

Akwai ɗabi'ar da ta ishe ni a Gyallesu, kuma na san ba mu kaɗai ke yin ta ba. Tsohuwa ta kwana a zaune tana tari, ƙirji na kuka, da safe a kai ta asibiti. Likita ya ce, "Mama, yaya jikin?" Ta ce, "Alhamdu lillahi, da sauƙi." Ɗan da ya rako ta ya gyaɗa kai. An yi asarar kuɗin mota ke nan.

Ciwon toshewar hanyoyin numfashi ba ya warkewa, lallaɓa shi ake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kashe mutum miliyan 3.23 a 2019. Hayaƙin icce a madafa da sigari na cikin manyan dalilansa.

Na'urar da ake hurawa tana auna ƙarfin huhu, amma ba ta san cewa Mama ta koma yin salla a zaune ba. Shi ya sa a 1991 Farfesa Paul Jones na asibitin St George's da ke Landan ya fito da takardar tambayoyi 50 kan tari, tafiya, wanka da barci. Maki daga 0 zuwa 100 ne. Idan ya sauka da 4, magani ya yi aiki. A Iran ma sai da suka mayar da ita Farisanci, suka gwada a kan majinyatansu, kafin su amince da ita. Duk wannan wahalar don a ji gaskiya daga bakin mara lafiya ne, mu kuma mu toshe ta da kara!

Wai faɗin ciwo raki ne, ko rashin tawakkali. Wa ya faɗa? Mama, haƙuri tsakaninki da Ubangijinki ne, likita kuwa bai san gaibu ba.

Kafin ku kama hanyar asibitin Shika ko na Saye, ku lura. Sau nawa Baba ke tsayawa ya huta tsakanin gida da masallaci? Filo nawa Mama ke jingina da su? Kakin fari ne, ko ya koma kore, ko da jini? Wadda ke kwana ɗaki ɗaya da ita ce ya kamata ta raka ta, don ita ke jin tarin dare. A fitar da murhu tsakar gida saboda hayaƙi. Tarin da ya wuce mako 2 kuwa, a je gwajin tarin fuka. Maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Don Allah, in likita ya tambaya, a ba shi amsa.