Kajin Gidan Falke: Yadda Ake Shirya Akurki da Wurin Ci da Sha



Na san wani zai ce, mu da muke cinikin bijimai ina ruwanmu da kaza? To Alhaji, tsaya ka ji. Ran da ka yi lodi a Adumri ka nufi Mubi ko Yola, ka kwana goma ba ka leƙo gida ba, in kuɗin cefane ya yanke ai ba saniya uwargida za ta sayar ba. Kaza za ta kama. Baƙo ya sauka, kaza ce. Yaro ya kwanta zazzaɓi, kaza ce kuɗin magani. Amma duk shekara sai ka ji gida ya wayi gari kaji ashirin sun koma uku, alhali gyaran bai kai kuɗin igiyar sa ba.

Mu fara da akurki. Ɗan akurkin nan na laka mai ƙaramar ƙofa da ake toshewa da dutse yana hana muzuru, gaskiya ne. Sai dai a Garwa, cikin Maris da Afrilu zafi kan wuce digiri 40, ita kuwa kaza ba ta gumi, haki kawai take yi. Ka tura goma cikin wannan rami, ai tanda ka sa su. Ga shi tsintsiya ba ta shiga, kashi ya taru, kaska da ƙuma su sami gida a tsagar bango.

Abin da ya fi, a ja bango iya gwiwa, daga nan zuwa sama a sa ragar waya don iska ta ratsa. Rufin jinka ya fi kwano sanyi. In kwano ne a hannu, a shimfiɗa zana a kansa. Tsawon ɗakin ya miƙe daga gabas zuwa yamma, don kada rana ta yini tana dukan gefensa, in da darbejiya a gidan a raɓa shi da ita. A ɗaga daɓen ya fi tsakar gida tudu, musamman ku na kusa da Binuwai, kun san abin da Agusta da Satumba ke kawowa. Kaji goma, mita 2 da mita ɗaya da rabi ya ishe su, muddin da rana suna fita kiwo. Ƙofa kuwa ta zama wadda mutum zai shiga ya share.

A gicciya gora ko sanda su hau su kwana, kowace kaza da kamar santimita 20. A zuba ɓuntun shinkafa a ƙasa, irin wanda ake samu wajen Lagdo, in ya jiƙe a kwashe a kai gona. A lungu mai duhu a ajiye tsohon kasko ko kwando da ciyawa don ƙwai, ɗaya ga kaji huɗu ko biyar. A bakin akurki kuma a tara toka da yashi su yi birgima, shi ne wankansu. 'Yan tsaki su yi wata guda a killace ƙarƙashin babban kwando, in ba haka ba shirwa kake yi wa kiwo.

Sai wurin ci. Watsa hatsi a ƙasa asara ce biyu: rabi na ɓera da kurciya, rabi ya cakuɗe da kashi ya kawo tsutsar ciki. A sassaƙa komi na itace, ko a tsaga gora biyu, a ɗaura sanda a samansa don kada su shiga da ƙafa. Bakinsa ya yi daidai da gadon bayan kaza, kuma kada a cika shi, rabi ya isa. Dusa, tsakin masara ko na masakwa, ɗan ƙulin gyaɗa, garin busasshen kifi, gara ga 'yan tsaki, da ƙonannen ƙashi a daka wa masu ƙwai.

A nan akwai kuskuren da mu masu shanu muka fi kowa yi. Buhun abincin shanu na angurya, irin na Sodecoton, yana jingine a zaure, sai a ce a ɗibar wa kaji. Angurya na da wani sinadari da tumbin saniya ke iya sarrafawa, na kaza ba ya iyawa. In ta yi yawa ƙwai ya ragu, kwanduwa ta sauya launi. Haka gishirin lasa da kanwar shanu, ba na kaza ba ne.

Ruwa ma ya fi abinci muhimmanci. Kaji goma kan sha lita 2 zuwa 3 a yini, da bazara sai su ninka. Ka sami gwangwani babba, ka huda shi kusa da baki, ka cika da ruwa, ka rufe da faranti mai ɗan zurfi, sannan ka kife su tare. Ruwa zai fito ya tsaya daidai hudar, ba zai ƙaru ba sai an sha. Ba kashi a ciki, ɗan tsako ba ya nutsewa. A ɗora shi kan bulo a inuwa, a wanke kullum. Galan ɗin maganin kaskar shanu kuwa, ko an wanke shi sau bakwai kada a yi mazubin ruwa da shi.

Saura babbar magana. Ni kaina na taɓa sayo wani jan zakara ran Lahadi a kasuwar Pitowa, na sake shi cikin kajin gida a daren. Mako bai cika ba suka fara gyangyaɗi, ga koren zawo, wasu wuya ya murɗe. Huɗu suka rage, kuma kajin ba nawa ba ne, na maiɗakina ne. Har yau in an yi zancen zakara sai ta kalle ni. Wannan ita ce cutar Niyukasil, wadda ta fi ɓarna da hunturu. Ba ta da magani, sai rigakafi. Ga LANAVET nan a Bokle, bakin Garwa, an kafa ta tun 1983, kuma tana yin rigakafin wannan cuta kamar yadda take yin na shanu. Ka tambayi likitan dabbobin da ke duba maka shanu, a yi kafin iskar hunturu ta taso, a riƙa maimaitawa yadda ya ce. Wadda ta riga ta kamu, rigakafi ba ya tashinta.

Don haka a tanadi wani ɗan akurki daban, can nesa, da nasa komi da nasa gwangwani. Duk tsuntsun da ya zo daga kasuwa, ko kyauta aka ba ka a hanya, ya yi mako biyu a nan kafin ya gamu da na gida. Mu da ke tsallaka iyaka abin ya fi shafa. A 2006 an tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a Jihar Kaduna cikin Fabrairu, a Maris kuma aka tabbatar da ita a jikin agwagwa a Marwa. Takalmin da ka zaga kasuwa da shi ma, ka tuɓe shi a zaure kafin ka je duba akurki.