Zafin Kwamfuta a Ƙasar Zafi

Mai shagon haɗa bidiyon biki a Goronyo ko Wurno kan ji cewa ana iya ƙara wa kwamfutar tebur gudu ba tare da sayen sabuwa ba. Gaskiya ne. Ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato furosesa, tana aiki ne da bugu, sau biliyoyi cikin daƙiƙa ɗaya, kuma kamfanin da ya ƙera ta ya ɗaure mata iyaka. Wanda ya shiga saitunan allon uwa ya ɗaga wannan iyaka, sai mu ce ya zaburar da ita, kamar mahayi da dokinsa.

Zaburarwa tana da kuɗinta, kuma da zafi ake biya. Gudun da aka ƙara yakan buƙaci ƙarin ƙarfin wuta, shi kuwa zafi yana hawa ne da ninkin wannan ƙarfi a kansa. Ƙara kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin wuta, zafi ya ƙaru da kusan kashi 21, tun ba a lissafa na gudun ba. Yawancin furosesocin Intel suna jan linzamin kansu a wajen digiri 100, na AMD Ryzen 7000 kuma a 95. Suna rage gudu don kada su ƙone, sai mai ita ya ga aiki ya yi nauyi bai san dalili ba.

A nan ne alƙaluman intanet ke ruɗar mutum. Fanka da ƙarfen shan zafi ba sa ƙirƙirar sanyi. Kwashe zafi kawai suke yi su zuba wa iskar ɗaki. Wanda ya gwada tasa a Jamus cikin ɗaki mai digiri 23 ya ga furosesa ta kai 78, tazararsa 55 ce. Kawo wannan kwamfuta gabashin Sakkwato a watan Afrilu, ɗaki mai rufin kwano yana 40, sai ta kai 95 ba abin da ya lalace. Tazarar ita ce ma'aunin ingancin sanyaya.

Sai batun lokaci, wanda mutanen bakin Rima za su fi kowa ganewa. Madatsar Goronyo, da aka kammala a 1984, tana ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 942, amma girman ciki jinkiri kawai yake sayo mata. In mai shigowa ya ci gaba da fin mai fita ta ƙofofi, cika za ta yi, kuma waɗanda suka ga ambaliyar 2010 ba sa buƙatar ƙarin bayani. Haka na'urar sanyaya mai ruwa take: mintuna biyar na farko ruwan yana shanye zafi, lamba ta yi kyau. A saka manhajar Cinebench ko Prime95 ta matsa wa furosesa rabin awa, manhajar HWiNFO na nuna digiri, har lambar ta daina hawa. Wannan ce ta gaskiya.

Hunturu kuma da nasa sharrin. Sanyinsa na taimakawa, ƙurarsa na toshe haƙarƙarin ƙarfen, man da ke tsakaninsa da furosesa kuma yana bushewa da shekaru. A ganina, saitin da aka gwada a Janairu bai ci jarrabawa ba tukuna; a maimaita gwajin da azahar ta bazara, bayan an hure ƙurar.